Sa'anda Aka Ce An Rasu, Gawa Kuwa Ta Motsa

Akwai wani al'amari da likitoci suka ba shi suna daga cikin Littafi Mai Tsarki, ya kamata mu masu bi mu san shi, gama sunan da suka ara na gidanmu ne. Yakan faru a asibiti zuciyar mutum ta tsaya. Likita da ma'aikatansa su yi ta danna masa ƙirji, suna hura masa iska, suna yi masa allura, har rabin sa'a ko fiye. Da suka ga ba amfani sai su janye hannu, likita ya dubi agogo, ya ce an rasu. Bayan 'yan mintoci kuwa, ba wanda ya taɓa shi, sai zuciyar ta kama bugawa da kanta, wani lokaci har numfashi ya komo. Waɗansu likitoci na ƙasar Finlan ne suka fara rubuta labarin irin wannan a shekara ta 1982. A 1993 wani likita mai suna Bray ya kira shi da sunan Li'azaru, sunan kuwa ya zauna har yau.

Abin ba ya faruwa da yawa. A shekara ta 2020 waɗansu masana suka tattara dukan abin da aka rubuta tun daga 1982, suka sami mutum 65, cikinsu 18 suka warke sarai. Yawancin sauran sun sāke rasuwa bayan sa'o'i ko kwanaki kaɗan. Galibi kuma motsin yakan komo ne kafin minti goma ya cika daga sa'anda aka janye hannu.

To, me ke kawo shi? Kowa ya taɓa zama a maƙera ya san zuga-zugi. Idan yaron maƙeri ya yi ta cusa iska bai bar ta ta fita ba, fatar takan kumbura ta ƙi motsi. Haka huhun mutum yake. Cikin gaggawar ceton rai, akan hura iska da sauri har ba ta samun zarafin fita, ƙirji ya cika tam, ya matse manyan jijiyoyin da ke komo da jini cikin zuciya. Zuciya kuwa ba ta aiki idan jini bai shigo mata ba. Da aka daina hurawa, iskar ta sulale a hankali, hanya ta buɗe, jini ya gangaro, ya zo da maganin nan adirenalin da aka zuba a jijiyar hannu tun ɗazu bai iso ba. Wannan shi ne dalilin da likitoci suka fi ambata. Saboda haka da yawa cikinsu suna ba da shawara a tsaya a lura da mutum minti goma cif bayan an janye hannu, kafin a faɗa wa danginsa kome.

Akwai kuma wani iri dabam, wanda mutanenmu ke kira doguwar suma. A nan zuciya ba ta tsaya ba sam, ta yi rauni ne ƙwarai har yatsa ba ya jin bugunta, kamar yadda yakan faru ga tsoho, ko wanda sanyi ya kama ƙwarai, ko wanda ya sha magani ya wuce kima. A ƙasar Folan, cikin 2014, wata tsohuwa mai shekara 91 ta yi sa'a 11 a ɗakin ajiye gawa, sa'an nan aka ga tana motsi. Aka mai da ita gida tana kukan sanyi. A ƙasar Ekwado, cikin 2023, wata mai shekara 76 ta ƙwanƙwasa akwatin gawarta ana cikin makoki. Aka koma da ita asibiti, ta yi kamar mako guda, ta rasu.

Yanzu fa, 'yan'uwa, ga tambayar da ta sa muka ɗauko wannan magana. Idan likita ya ce an mutu, ashe ba a mutu ba, me ya rage mana da za mu dogara gare shi? Kuma wane hakki ne mutum yake da shi a kanmu tsakanin numfashinsa na ƙarshe da bakin kabari?

Mun gaskata mutuwa ita ce rabuwar rai da jiki. Amma ba mahalukin da ya taɓa ganin rai yana fita. Likita alamu yake dubawa: bugun zuciya, numfashi, ƙwayar ido. Maganarsa shaida ce ta mutum mai ilimi bisa ga abin da ya gani, kusan kullum kuwa daidai take. Duk da haka shaida ce ta ɗan adam, sa'ar kanta tana hannun Allah. Ko Hausawa sun san wannan, shi ya sa idan wani ya kuɓuta sukan ce da sauran shan ruwansa a gaba. Don haka ba daidai ba ne jama'a su tasam ma likita ko nas da zagi, suna cewa sun so su binne mai rai. Wanda ya yi rabin sa'a yana zufa a kan ƙirjin ɗan'uwanmu ba maƙiyinmu ba ne. Idan ya yi sakaci, bai duba da kyau ba, a bi shi da magana ta hanyar da ta kamata. Idan kuwa ya yi iyakar abin da ya sani, mu gode masa.

Amma a ganinmu sunan nan Li'azaru bai dace ba, ko da yake mun san likitoci ba su nufi reni ba. Mu duba Yohanna sura 11. Sa'anda aka aika wa Ubangiji Yesu cewa abokinsa ba shi da lafiya, ya ƙara kwana biyu a inda yake. Da ya iso Baitanya, Li'azaru ya riga ya kwana huɗu a kabari, har Marta ta ji tsoron a kawar da dutsen saboda ɗoyi. Baitanya kuwa kamar mil biyu take da Urushalima, mutanen birni da yawa sun zo gaisuwar makoki, sun gani da idonsu. Ba iskar da ta maƙale a ƙirji kwana huɗu. Ko maƙiyan Ubangiji ba su ce suma ce ba. Abin da suka ƙulla, bisa ga sura 12, shi ne su kashe Li'azaru, domin mutane suna ba da gaskiya ta dalilinsa. Jinkirin nan da 'yan'uwansa mata suka ji zafinsa, shi ne ya toshe bakin masu musu.

Mun faɗi haka domin akwai gaggawa iri biyu da ke damunmu, ta fari kuwa a cikin ikilisiya take. Da an ji wani ya motsa bayan an rufe shi da zane, kafin rana ta faɗi labari ya kai kasuwa cewa addu'ar wane ta ta da matacce. Mu yi godiya ga Allah, i, gama ko ta hanyar iska da jini ya komo da mutum, alherinsa ne. Amma kada mu kira abu da sunan da ba nasa ba. Idan muka ce tashin matattu ne, bayan kwana uku kuma mutumin ya rasu, kamar yadda yakan faru ga yawancinsu, me za mu ce wa matarsa? Me kuma za mu ce wa ɗanmu da ya yi karatun likita, ya san zancen huhu da jijiya? Zai ce a ransa, watakila na Baitanya ma haka ne. Da bakinmu mun raunana bangaskiyarsa ke nan.

Gaggawa ta biyu ta gida ce. Ƙasarmu da zafi, al'adarmu kuwa, mu da maƙwabtanmu Musulmi, ita ce kada a bar gawa ta daɗe. Wannan ba abin zargi ba ne, girmama mamaci ne. Amma a ƙauye, inda ba likita, sau da yawa da numfashi ya ɗauke sai a ja zane a rufe fuska, mata su fasa kuka, samari su ɗauki gatari da galma, kowa ya fita ya bar ɗakin. A daidai mintocin nan da rai zai iya komowa, ba mai kallo. Sauri ya haifi nawa. Ya kamata dattijo ɗaya ko biyu su zauna kusa, su bar fuska a buɗe, su sa kunne a ƙirji, su sa yatsa a gefen wuya, su sāke yi bayan an jima. Idan akwai ma'aikacin asibiti kusa, a kira shi. Jiki da kansa yakan ba da shaidar da ba ta ruɗi: ya yi sanyi, jini ya kwanta ya yi duhu a gefen da ke ƙasa, gaɓoɓi kuma su soma sandarewa bayan 'yan sa'o'i, daga muƙamuƙi da wuya. Haƙa kabari ma yana cin lokaci, ba abin da za a rasa idan an jira.

Mun san wani zai karanta wannan zuciyarsa ta tsinke, ya tuna da mahaifiyarsa da aka binne da hantsi, ya ce ko da ranta? Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka. A 2021 aka buga wani bincike da aka yi a Kanada da Holan da ƙasar Cek, inda aka sa na'ura ta bi zuciyar ɗaruruwan masu mutuwa bayan an cire musu injin taimako. Waɗansu zukata sun tsaya sun sāke motsi kaɗan, amma mafi jinkiri cikinsu minti 4 da daƙiƙa 20 ne, ba kuwa wanda ya farka. Wadda aka yi wa wanka, aka sa wa likkafani, hannuwa da yawa suka juya ta har sa'o'i, da akwai rai da wuya a rasa ganinsa.

Saura wanda ya komo ɗin. A waɗansu wurare akan guje shi, a ce fatalwa ce, ko a soma raɗa cewa mayu ne suka kama kurwarsa suka sake ta, har a nuna wata tsohuwa da yatsa. Wannan bai kamaci masu bi ba. Marar lafiya ne, jikinsa ya sha wuya, ƙwaƙwalwarsa ta yi mintoci ba isasshen jini, watakila ba zai gane mutane da wuri ba. A lulluɓe shi, a kwantar da shi ta gefe domin kada ya shaƙe, a nemi mota a kai shi asibiti nan da nan. A kuma aika yaro ya gaya wa masu haƙa su dakata.