Shin Gini Yana Ɗaukar La'ana?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani bawan Allah daga Gwiwa ta ƙasar Kazaure ya aiko mana da tambaya. Ya ce akwai wani gidan gado a unguwarsu wanda mutum uku suka rasu a cikinsa cikin shekara biyu. Sai magada suka watse, aka rasa mai saye, har zaure ya fara zubewa, marayu kuwa suna raɓe a gidajen dangi. Jama'a suna cewa gidan la'ananne ne. To, yana so ya san matsayin wannan magana a Musulunci.

Da farko ya kamata mai karatu ya sani wannan camfi ba namu ne mu kaɗai ba. A birnin Venis na ƙasar Italiya, inda mashigin ruwa ne hanyoyin gari, akwai wani ƙasaitaccen gida mai fuskar marmara a bakin babban mashigin birnin, ana kiransa Ca' Dario. Mai shi na farko, Giovanni Dario, magatakardan hukumar Venis ne, shi ne kuma ya ƙulla sulhu tsakanin birninsa da Sarkin Musulmin Turkawa, Muhammadu Alfatihi, a 1479. Da ya rasu a 1494 gidan ya koma hannun 'yarsa Marietta, wadda ta auri wani ɗan gidan Barbaro. Turawa, duk da iliminsu na zamani, sun yi ta yaɗa cewa duk wanda ya mallaki gidan nan sai ya tsiyace ko ya yi mummunan ƙarshe. Hujjarsu ita ce an kashe wani mai gidan a cikinsa a 1970, wani Baturen Ingila mai suna Kit Lambert da ya saye shi ya mutu a 1981, sa'an nan attajiri Raul Gardini ya kashe kansa a 1993.

Amma mu dubi maganar da idon basira. Lambert a Landan ya mutu. Gardini kuwa a Milan ya hallaka kansa, a lokacin da masu shari'a suke bincikensa kan cin hanci. Ina ruwan bango da toshiyar baki? Ban da haka, zuriyar Barbaro ta riƙe gidan fiye da shekara 300, ana haihuwa, ana aure, ana tsufa, ba wanda ya ƙidaya wannan. Haka ɗan Adam yake: yakan lissafa musiba ukun da suka dace da tsoronsa, ya manta da dubban ranakun lafiya. Wane gida ne zai shekara 500 ba a fitar da gawa daga cikinsa ba?

Sai dai mai ilimi zai ce, ai Buhari ya ruwaito hadisi daga Abdullahi ɗan Umar da ya ambaci shu'umci a gida da mace da doki. Kuma a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin matar da ta kai kuka cewa sun shiga wani gida da yawansu da dukiyarsu, sai suka ragu dukiyar ta tafi, Annabi (S.A.W.) ya ce su bar shi. Gaskiya ne, ba mu ɓoye wannan ba, shi kansa Imamu Malik ya ɗauki hadisin a kan zahirinsa. Amma an ruwaito Nana A'isha ta ce Annabi yana ba da labarin abin da mutanen jahiliyya suke faɗa ne. Waɗansu malamai kuma sun fassara shu'umcin gida da ƙuncinsa da mugun maƙwabci. Abin da duk suka haɗu a kai shi ne, tubali ba shi da ikon cuta ko amfani, rai da ajali a hannun Allah suke, kuma Annabi ya hana camfi. Izinin da aka ba matar nan sauƙi ne ga zuciyar da ta ƙuntata, don kada zama cikin tsoro ya ɓata mata imani. Saboda haka wanda ya tashi don ya sami natsuwa ba shi da laifi. Wanda ya ƙudurta cewa gidan ne yake kisa, shi ya taka hanya mai haɗari ga tauhidinsa.

A nan ne nauyin yake kanmu. Kalmar la'ana tana da sauƙin faɗa, amma dubi ɓarnarta. Ta zubar da darajar dukiyar marayu, wadda Allah Ya tsananta a kan kiyaye ta. Sau da yawa kuma daga gida zargin yakan koma kan mutum, a ce amaryar da aka kawo mai farar ƙafa ce, a ɓata mata suna ba da haƙƙi ba. Mafi muni, takan hana mu binciken dalili. Idan mutum uku suka rasu a gida ɗaya, a duba rijiyar, ko tana kusa da masai. A duba kududdufin bayan gida da sauronsa. A tambaya ko tarin fuka ne yake yawo a ɗaki marar taga. Wanda ya ce aljanu ne ya gudu, ya bar rijiyar ga maƙwabta su ci gaba da sha.

Shawararmu ga mai tambaya ita ce, dattawan unguwa da liman su zauna da magada, a kira ma'aikacin lafiya ya duba ruwa da mahalli, a gyara abin da ya lalace, a riƙa karatun Alƙur'ani a ciki, musamman Suratul Baƙara. Idan zukatansu sun kwanta su koma. Idan ba su kwanta ba, a sayar da daraja, a raba wa kowa haƙƙinsa, masu yaɗa jita-jita kuma su ji tsoron Allah su kame bakinsu.

Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin. Wasalam.