Alhakin Mai Sakin Ilimi: Gasar Zanen Da'irar Leza a Ma'aunin Fiƙihu

Tambayar da ta daɗe a gaban malaman fiƙihu da masana ɗabi'a, game da matsayin wanda ya koyar da abu mai amfani wanda kuma ake iya cutarwa da shi, takan dawo da sabuwar fuska idan masu sha'awar haɗa kayan lantarki suka shirya gasa a tsakaninsu domin zana da'irar da ke ciyar da leza. Sharaɗin irin wannan gasa shi ne duk wanda ya shiga zai saki zanensa a fili, kowa ya kwafa, ya gyara, ya ƙera, har ya sayar, kuma daga wannan sharaɗi ne batun alhaki yake tasowa, domin mai zane ba ya sanin hannun da aikinsa zai faɗa.

Leza haske ne mai launi guda wanda ke tafiya a dunƙule ba tare da ya bazu sosai ba. Theodore Maiman ne ya fara kunna ta a Amurka a 1960, sannan a 1962 Robert Hall na kamfanin General Electric ya samar da ita daga diyod, wato ɗan ƙaramin abin lantarki da ke barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai. Diyod ɗin leza ba ya jure a haɗa shi da batir kai tsaye, saboda ƙari kaɗan a matsin lantarki yana jawo ƙari mai yawa a kwararar wutar, kuma idan ya ɗauki zafi sai ya ƙara jan wuta, wutar ta ƙara masa zafi, har ya ƙone. Aikin da'irar da ake kira direba shi ne ta tsayar da kwararar a kan adadi guda, ta kuma hana tsallen wuta a lokacin kunnawa. Mafi sauƙinta a wajen masu koyo ita ce wadda ake haɗawa da LM317, wanda ke riƙe bolt 1.25 a kan rizista, ta yadda rizista mai om 5 zai ba da miliamfa 250. Ilimin kansa, ke nan, bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare mai himma ba.

Haɗarin yana ga ido. Ƙa'idar duniya mai lamba IEC 60825-1 ta kasa leza aji-aji: aji na 2 bai wuce miliwat 1 ba, kuma ƙiftawar ido takan isa kariya daga gare shi; aji na 3R ya tsaya a miliwat 5, na 3B ya kai 500, abin da ya haura haka kuwa aji na 4 ne, wanda ko haskensa da ya dawo daga bango yana iya lalata gani, yana kuma ƙona fata da tayar da gobara. Diyod ɗin da ake cirowa daga na'urar rubuta faifan DVD ya riga ya shiga aji na 3B, kuma tun wajen 2010 shuɗin diyod mai kusan wat guda ya shiga hannun masu sha'awa. Ido yana tattara hasken a wuri ɗaya a kan tantanin da ke bayansa, tantanin kuma ba ya jin zafi, saboda haka mutum yakan rasa wani yanki na ganinsa kafin ya ankara.

Lasisin sakin zane, irin wanda cibiyar CERN ta fitar a 2011 ta kuma sabunta a 2020, yana bayyana cewa mai zane bai ɗauki lamunin komai ba. Wannan na iya kare shi a gaban kotu, amma bai amsa tambayar da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba. Malaman Malikiyya sun tattauna irinta a babin toshe kafa, wato hana abin da halal ne a kansa idan yana kaiwa ga ɓarna. Alƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya kasa hanyoyin da ke kaiwa ga ɓarna gida uku a littafinsa Alfuruƙ: akwai wadda aka haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a hanyar da mutane ke bi, akwai wadda aka haɗu a kan barinta, kamar noman inabi, wanda ba a hana shi don tsoron a yi giya, akwai kuma ta tsakiya da aka yi saɓani a kanta. Zanen direba ya fi kusa da noman inabi, domin galibin masu amfani da shi suna neman sassaƙa katako ne, ko gwaji a ɗakin karatu, ko awo, kuma wanda ya haska leza a kan jirgin sama, laifin da dokar tarayyar Amurka ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 a kansa tun 2012, shi ne mai aikatawa kai tsaye, wanda fiƙihu ke ɗora wa lamuni kafin mai jawo sababi.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan ƙarfi. Diyod ɗin yana kasuwa, mai mugun nufi kuma yana iya sayen leza a haɗe, don haka ɓoye zane ba ya rage masa komai. Abin da ɓoyewa ke hana mutane shi ne sanin yadda ake iyakance wuta da yadda ake kashe ta idan wani abu ya lalace, wato daidai ɓangaren da ke kare mai koyo. Hani a kan ɓoye ilimi mai amfani ya dace da wannan wuri sosai.

Sai dai wanke mai zane daga laifin mugu bai wanke shi daga aibin zanensa ba, kuma a nan ne nauyi ke komawa kan masu shirya gasar. Idan mutum ya bi zane sau da ƙafa, ya kiyaye duk abin da aka gaya masa, amma yankewar waya guda ta sa da'irar ta saki wuta gaba ɗaya, to zanen ya bar sahun inabi ya koma sahun rijiyar kan hanya. Zanen da ya zo na ɗaya shi ne za a fi kwafa, kuma masu kwafar sun dogara ne da shaidar alƙalai, ta yadda ba da kyauta ya zama shaida ce cewa abin ya inganta. Alƙalin da ya fifita ƙarfin haske, ko ƙanƙanta, ko arha, ya yi shiru a kan abin da da'irar ke yi idan ta samu matsala, ya ba da shaidar da bai tabbatar ba. Daidai ne a ba da maki mafi tsoka ga da'irar da ke mutuwa da kanta idan wani ɓangare ya lalace, mai tashi a hankali, mai makulli da fitilar gargaɗi kamar yadda ƙa'ida ta nema a aji na 3B da na 4, wadda kuma mai ita ya rubuta ajin lezar, da irin tabarau da ya dace da launinta, da iyakar abin da ya gwada da hannunsa. Bayyana aibi wajibi ne a kan mai sayarwa, kuma babu hujjar sauke shi daga mai bayarwa kyauta alhali idon wani ne a ciki.

Batun kyautar kanta gajere ne. Idan wani na gefe ne ya sa ta, ta yi kama da ji'ala, wato lada da ake alkawartawa duk wanda ya cim ma wani aiki, kuma babu damuwa a cikinta. Idan kuwa daga kuɗin shigar 'yan takara aka tara ta, wanda ya ci ya kwashe, malamai da yawa suna ganin ta kusanci caca, saboda haka ya fi aminci a bar shiga kyauta, a nemi kyautar daga makaranta ko kamfanin da ke sayar da kayan lantarki, bisa sharaɗin cewa mai bayarwar ba zai sa baki a hukuncin alƙalai ba.