Bangon da ke tsakanin baƙo da iyali

Duk mai gina gida a Yamai ko Maraɗi a yau yana cin karo da tambaya guda: a yi salon ɗaya babba, ko a raba na baƙi da na iyali? Ana ɗaukar ta batun siminti da faɗin fili, alhali tana taɓa haƙƙin mutane.

A tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram, baƙo namiji yakan tsaya a zaure. Wannan tsari ya bai wa matan gida tsakar gida baki ɗaya: su yi daka, su yi kitso, su yi hira ba tare da lulluɓi ba. Aya ta 27 a Suratun Nur ma ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani.

Masu son haɗewa na cewa salon ɗaya yana kusanta iyali. Amma da zarar abokan maigida sun zauna, uwargida ce ke tashi ta koma ɗakin kwana da ƴaƴanta. Ɗakin da aka ce na kowa ne ya zama na baƙo.

Rabawar ma da haɗarinta: maigida na iya tarewa a ɗakin baƙi, ya riƙa cin abinci can, har ƴaƴansa su san muryarsa fiye da fuskarsa.

Saboda haka bango ya dace tsakanin baƙo da iyali, amma kada ya shiga tsakanin uba da ƴaƴansa. Wanda filinsa ya yi kaɗan, rumfa a ƙofar gida ta ishe shi zaure.