Saipan: wa ɗan wasa yake yi wa biyayya?

A watan Mayu na 2002, gab da Gasar Cin Kofin Duniya ta Koriya da Japan, Roy Keane, kyaftin ɗin Irlanda, ya soki tanadin da aka yi wa ƙungiyarsa a tsibirin Saipan: fili ya ƙeƙashe, kayan atisaye ba su iso da wuri ba. Da maganar ta fito a jarida, mai horarwa Mick McCarthy ya titsiye shi gaban ƴan wasa. Keane ya zazzaga masa baƙaƙen maganganu, aka sallame shi.

Magoya baya suka rabu biyu. Wasu suka ce rigar ƙasa amana ce, ba a yar da ita saboda fili. Wasu, musamman a Cork mahaifarsa, suka ce mai kishi na gaske shi ne wanda ya ƙi haɗiye sakaci.

Hujjar na biyun tana da nauyi, domin rahoton Genesis ya soki hukumar ƙwallon ƙasar daga baya. Sai dai duka ɓangarorin ƙasa suke ambato, alhali ƙasa ba ta shiga fili. Hukuma ta yi sakaci, abokan wasa suka biya: su suka tari Kamaru da Jamus babu Keane, suka yi kunnen doki da kowacce, kafin Spaniya ta fitar da su a bugun fanareti. Korarsa aka yi, hakane. Amma wanda ya ci mutuncin shugabansa a bainar jama'a ya san abin da zai biyo baya. Haƙƙin waɗannan abokan ne ya rataya a wuyansa.

Bai sake saka rigar ba sai 2004, bayan McCarthy ya sauka.