Wa Zai Riƙi Tsoho Idan Gida Ya Watse?

'Yan'uwa, a ƙasar Gobir ta dā, tsarin gida ne kansa yake ɗauke da tsofaffi. Maigida yana zaure, 'ya'yansa maza suna noman gandu tare, kowa kuma yana da gayaunarsa. Rumbu ɗaya ake buɗewa, matan gida suna karɓar girki bi da bi. Idan ƙarfin tsohuwa ya ƙare, wannan jika ya ɗebo mata ruwa, waccan ta dama mata fura, ita kuwa tana lura da jarirai. Da yake hannuwa suna da yawa, ba wanda nauyin ya danne.

Rikicin 'yan bindiga ya rushe wannan tsari a gidaje masu yawa na Sabon Birni da Isa. A shekarar 2019 dubban mutane suka ƙetara iyaka zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, cikinsu har da Garki da Ɗan Aduwa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannun waɗanda suka kama shi. Inda furfurar sarki ba ta tsare shi ba, ina ga talaka? Masu ƙarfi suka bazu neman abinci, aka bar tsohon da ba ya iya gudu a hannun mutum ɗaya, galibi mace: 'yarsa ko matar ɗansa.

Ita ce mai neman itace, mai wanke masa tufafi, mai kasa kunne da dare. Tsakar gida ba shara, tukwane a barbaje, yara ba wanka. Wata rana gajiya ta sa ta ɗaga masa murya, sai ta kwana tana tuhumar kanta. Tambayar da ke gabanmu ita ce: shin wannan baiwar Allah ta yi laifi?

Haƙƙin iyaye abu ne da Kirista da Musulmi suka haɗu a kansa, Dokoki Goma kuma sun ɗora shi a wuyan kowane ɗa, na kusa da na nesa. Amma ba a tambayar mutum abin da ya fi ƙarfinsa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Aikin da mutum goma suke yi a dā, in ya koma kan mutum ɗaya, dole wani gefe ya lalace, kuma gara tsakar gida ta kwana da datti da tsoho ya kwana da yunwa. Faɗan da ta yi masa, ta nemi gafararsa ta wuce wurin. Babban alhaki yana kan 'yan'uwan da suka aiko da ɗan kuɗi sau ɗaya suka ɗauka sun sauke nasu, sa'an nan in sun zo ziyara su ne masu ƙorafin gida ya hargitse.

Akwai kuma tsohon da ya ce ba zai tashi ba, domin a nan aka binne cibiyarsa da iyayensa. Bai kamata a ɗauke shi kamar buhun gero ba, gama tsufa bai ƙwace masa ikon faɗin ra'ayinsa ba. Sai dai a gaya masa gaskiya cikin ladabi: zamansa yana riƙe da ran mai jinyarsa da na jikokinsa. A tuna masa cewa bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun yi ƙaura, suka kafa Tsibiri, daga baya suka kafa Sabon Birni. Sunan garin kansa shaida ne cewa kakanninsa sun taɓa barin gida ba tare da sun bar asalinsu ba.

Abin da gandu yake yi ba tare da shawara ba, yanzu sai an zauna an raba shi da baki, ko da ta waya ce. A san wanda zai sayi magani, da mai aiko da hatsi, da wadda za ta zo ta karɓi mai jinya na mako guda domin ta huta. Tun tsoho yana cikin hayyacinsa, a roƙe shi ya faɗi iyakokin gonakinsa, da bashin da ake binsa, da abin da ya ba da jingina, a gaban shaidu, don kada rigimar gado ta ƙarasa abin da bindiga ta bari. Maƙwabci kuma, ko wane addini yake bi, tulun ruwa ɗaya da zai kai gidan sadaka ce babba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ƙarfafa masu jinyar iyayensu, ya maido da zaman lafiya ƙasar Gobir, amin.