Malamin Kwantiragi da Littafin Bashina



A kantina akwai wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta masu karɓar kaya bashi. Duk ɗan kasuwa ya san irinsa. A cikinsa akwai direbobi, akwai masu shayi, akwai zawarawa biyu, akwai kuma wani malamin jami'a. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi inda yake koyarwa ba, kuma sai da na nemi izininsa kafin na ɗauki biro. Mutum ne mai digiri biyu, yana kan na uku, shekararsa bakwai yana shiga aji. Yakan zo bayan Isha'i, lokacin da layi ya yi tsit, ya karɓi kongo biyu na shinkafa da kwalbar mai, ya ce in rubuta.

Wata rana na kasa haƙuri na ce masa, "Malam, ashe ku ma albashinku na makara haka?" Ya yi murmushi ya ce, "Liman, ai ni ɗan kwantiragi ne." Ya warware min: takardar shekara ɗaya ake ba shi. In shekarar karatu ta ƙare sai ya zauna jiran ko za a sabunta. Tsakanin ƙarewar tsohuwa da fitowar sabuwa yakan yi wata biyu ko uku babu ko sisi, alhali yana duba takardun jarrabawa. Darasin da abokinsa mai aikin dindindin ke koyarwa shi ma shi yake koyarwa, kuma sau da yawa shi ake tura wa ajin 'yan shekarar farko, wanda ɗalibai ke zama har bakin taga. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci ya zuba kashi 8, amma shi babu abin da ake ajiye masa. Na ce, "To ƙungiyarku ta malamai fa?" Ya ce, "Ba a cire min kuɗin ƙungiya, sunana ba ya cikin rajistarsu. In an kira taro ina ofis nake zama, ina jin tafinsu ta taga."

Abin da ya fara zuwa bakina irin na ɗan kasuwa ne: ai shi ya sa hannu, ba wanda ya ɗora masa wuƙa. Ciniki ya faɗa, sai a cika. Na kwana da wannan magana, amma ta ƙi zama min a zuciya. Shi ya sa na kawo ta nan mu duba tare: in mutum ya sa hannu da kansa, shin ana iya cewa an zalunce shi?

Mu fara da abin da muka karanta a babin ijara. Halal ne a ɗauki mutum aiki na wani lokaci, muddin aikin sananne ne, ladan sananne, wa'adin ma sananne. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi aikin kiwo a Madyana bisa wa'adin shekara takwas, in ya so ya cika goma. Don haka kwantiragi a kan kansa ba laifi ba ne, kuma jami'a tana da wuraren da take buƙatarsa da gaske. Malami ya tafi ƙaro karatu, dole a sami mai riƙe ajinsa kafin ya dawo. Farfesa ya kai shekara 70 ya yi ritaya kamar yadda dokar 2012 ta tsara, ana son ya ƙara shekara ɗaya ko biyu saboda babu gwani irinsa. Lauya ko akanta na cikin gari yakan zo ya koyar da darasi ɗaya ya koma ofishinsa. Waɗannan duk suna da wata madogara, ba a kansu nake magana ba.

Ina magana ne a kan wanda aikinsa na dindindin ne amma aka mai da shi kansa na wucin gadi. Idan tirela ta iso min daga Kano, nakan kira 'yan dako, mu yi ciniki, su sauke, in biya su, kowa ya kama gabansa. Aikin ya ƙare, alaƙa ta ƙare. Amma a ce yaro ya shekara bakwai yana buɗe min shago da safe yana rufewa da dare, ni kuma kullum ina kiransa ɗan dako don kada ranar sallama ta zo in ba shi jari, ai duk Sabo za a ce na ci amanarsa. Maƙwabtanmu Inyamurai ma suna da wannan al'ada ta sallamar yaron shago, kuma maigidan da ya ƙirƙiro wa yaro laifi ana gab da sallama ba ya ƙara samun mutunci a kasuwa. Ɗalibai suna zuwa kowace shekara, darasin yana nan kowace shekara, malamin ma shi ne dai kowace shekara. Abin da kawai ake yankewa ana ƙullawa shi ne takardarsa. Wannan ita ce hila da malamanmu suka yi ta jan kunne a kai: a canza wa abu suna don a kuɓuce wa haƙƙin da ke biye da shi.

Sai batun yarda. Ku lura, a yarjejeniyar Annabi Musa zaɓin ƙarin shekara biyu a hannun ma'aikaci aka bar shi, kuma dattijon ya nuna ba ya son ya tsananta masa. A takardar abokina kuwa kowane zaɓi yana hannun wanda ya ɗauke shi. Mu 'yan kasuwa mun san cinikin wanda ya matsu. Mutum ya kawo maka babur ɗinsa zai sayar saboda ɗansa na kwance a asibiti, ka taya rabin kuɗi, ya sallama. Wataƙila alƙali ya ce ciniki ya inganta. Amma kai da ka saya ka san larurarsa ce ta sallama maka, kuma ka san abin da za ka ji in kai aka yi wa. Mai digiri biyu da iyali, a ƙasar da dubbai ke neman gurbi ɗaya, in aka miƙa masa takardar shekara ɗaya zai sa hannu, in aka miƙa masa ta wata shida ma zai sa. Dole ƙanwar naƙi ce. Sa hannun ya halatta wa jami'a aikinsa, bai wanke ta daga tambayar ko ta yi masa adalci ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tsoro. Ya ba ni labarin wata shekara da aka yi masa rada cewa wani ɗalibi ɗan manya ne, a duba masa. Yaron bai ci ba, shi kuma ya ƙi ƙara masa maki. Ya ce tun daga ranar har fitowar sabuwar takardarsa bai yi barcin kirki ba. Ku kwatanta da abin da ya faru a Jami'ar Ilorin. A 2001 an kori malamai 49 a rikicin yajin aiki. Suka tafi kotu, ƙungiyarsu ta tsaya musu, har Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a mai da su a 2009, bayan wasu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Sun sha wuya, amma suna da doka da ta kare aikinsu, suna da wanda ya riƙe musu shari'a shekara takwas. Ɗan kwantiragi ba sai an kore shi ba. Shiru kawai za a yi, takarda ta ƙare da kanta, babu tuhuma balle ya kare kansa. To wannan ya shafe mu kai tsaye, domin 'ya'yanmu da muke biya wa kuɗin makaranta da kuɗin goro da na canji, darajar takardar da za su fito da ita tana rataye ne da ko mai duba jarrabawa yana iya cewa a'a. Abokina ya iya. Amma tsarin da ke buƙatar kowane malami ya yi caca da abincin 'ya'yansa kafin ya faɗi gaskiya, ba zai daɗe yana samun masu faɗarta ba.

Na san da an ambaci ƙungiyar malaman jami'a wasunku ransu zai ɓaci. Ni ma haka. A 2022 ASUU ta shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, 'yata ta yi wata takwas a gida, kuma a bakin kantin nan na faɗi maganganu masu zafi a kansu. Har yanzu ina ganin ɗalibi bai ci ba bai sha ba aka ɗora masa kuɗin faɗan manya, kuma wannan abu ne da ƙungiya da gwamnati duka za su amsa. Sai dai kuskure wajen amfani da haƙƙi bai soke haƙƙin ba. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta don kare muradunsa, bai ce ban da ɗan kwantiragi ba. Mu kuwa mazauna Sabo mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Baƙi ne mu a garin mutane, kuma abin da ya riƙe mu tun zamanin kakanni shi ne ba ma zuwa gaban hukuma ɗaya-ɗaya. 'Yan goro da shugabansu, mahauta da nasu, 'yan canji da nasu, masu shanu da nasu. Wanda ya ga rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 ya san bambancin mai wanda zai yi magana da yawunsa da wanda ba shi da kowa. Ku tuna kuma Hilful Fudul a Makka: fatake ne daga Yaman wani babba ya karɓi kayansa ya hana shi kuɗi, dangogi suka taru suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya halarta yana saurayi, ya kuma yaba da shi bayan annabci. Don baƙo marar gata aka ƙulla wannan alkawari.

A nan ne nake da magana da ita kanta ƙungiyar. An kafa ASUU a 1978, gwamnatin Janar Babangida ta haramta ta a 1988, zamanin da Attahiru Jega ya karɓi shugabancinta, don haka ta san ɗacin a hana mutum baki. A yi mata adalci, lokacin da gwamnatin tarayya ta matsa sai an biya albashi ta tsarin IPPIS a 2020, tana cikin hujjojinta cewa tsarin bai yi tanadi wa malaman kwantiragi da masu ziyara ba, kuma a Disambar 2023 gwamnati ta amince a cire jami'o'i daga ciki. Amma ambaton mutum a cikin hujja daban, ba shi kujera a taro daban. Ƙungiyar da ta tsaya wa mai ƙarfi ta bar mafi rauni a bakin taga ta manta dalilin kafa ta. Kuma tana cutar kanta, domin ranar da aka so karya yajin aiki, wanda ba ya iya cewa a'a shi za a tura aji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A galibin jami'o'i masu zaman kansu ma babu reshen ƙungiyar sam, kowa da Allahnsa.

Za a ce jami'o'i ba su da kuɗi. Gaskiya ne, mun ga yadda LAUTECH ta Ogbomoso ta yi ta zama a rufe a 2016 da 2017 saboda jihohin Oyo da Osun sun kasa riƙe ta tare. Amma in ciniki ya yi min ƙasa, ba yarona mafi ƙanƙanta zan ɗora wa asarar duka ba. Abin da nake ganin adalci ba shi da yawa. Wanda ya yi shekara biyu ko uku a gurbi ɗaya, a tabbatar da shi ko a gaya masa gaskiya da wuri ya nemi wani wuri. Aiki iri ɗaya, lada ya kusanci juna, a biya a kan lokaci, a ajiye masa na tsufa. A bar shi ya shiga ƙungiya, kuma in ba za a sabunta masa ba a rubuta dalili.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ina cikin rubuta wannan na tuna ina kwamitin wata Islamiyya a unguwar nan. Malamanmu babu mai takarda ko ɗaya. In an yi hutun azumi ba ma biyansu, a watan da suka fi buƙata. Shekarun baya wani daga cikinsu ya tara 'yan uwansa suka nemi ƙari, muka ce masa aikin Allah ne, bayan sallah kuma muka kawo wani a madadinsa. Ina zaune a wurin, ban ce uffan ba. Abin da nake zargin jami'a da shi, da hannuna na yi shi, har na lulluɓe shi da sunan Allah. Na nemi wannan malami na roƙe shi gafara, kuma na sa batun takarda da albashin hutu a taron kwamiti mai zuwa. Yaron shagona ma, shekara biyar ke nan, na kira mahaifinsa da shaidu biyu mun rubuta ranar sallama da abin da zan ba shi. Ina roƙon kowane maigida a Sabo ya duba nasa.

Shi kuwa abokina, shekarar karatu ta kusa ƙarewa, ya fara jiran takarda ta takwas. Sunansa na nan a littafina, kuma na gaya masa kada ya ƙara jiran dare, ya zo da rana kamar kowa, domin ba shi ne ya kamata ya ji kunya ba.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu tun kafin ranar da za a tambaye mu. Wassalamu alaikum.