Neman Ilmi Ne Ko Sayen Takarda?

A unguwarmu, Nassarawa, da zarar an yi dogon hutu sai ka ji wane ya tafi Ingila kwas ɗin kasuwanci na 'yan makonni. Ni ban ga laifin tafiya ba. Ai Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya sha hanyar Gwanja wajen fataucin goro. Amma fataken da, riba da faɗuwa duk a wuyansu suke.

Abin da ke damuna, 'yan'uwa ɗalibai, shi ne ranar neman aiki. Za a fifita mai takardar waje a kan wanda ya shekara goma yana juya kuɗi a Kantin Kwari. To, me aka auna, ilminsa ko aljihun mahaifinsa? Ni ma Baba ya yi mini tayin tafiya bana, har yanzu ban ba shi amsa ba.